Kafin ki sayi firiza, ki nemi mai ba ki kafin alƙalami

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun da safe na ga tambayarki, na ce bari in sallami yara su tafi makaranta sannan in zauna in amsa miki a tsanake. Kin ce kin kwashi adashi, kina so ki fara dama fura da yogot kina zubawa a robobi kina kai wa ɗalibai da ma'aikata a Samaru, unguwar Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya, amma kina tsoron zuba kuɗinki a abin da ba za a saya ba. Kina tambaya ko akwai hanyar da za ki auna kasuwar ta waya ba tare da kin biya kowa ba. Akwai. Amma bari in fara ba ki labarin asarar da na tafka, don ita ta koya mini amfani da hanyoyin da zan faɗa miki.

A watan Janairun 2022 na yi niyyar fara kunun aya da zoɓo. Na ɗora a sitatus ɗina na WhatsApp: "Idan na fara kunun aya za ku saya?" Kafin la'asar wayata ta cika. "Ma sha Allah Anti." "Allah ya sa albarka." "Ni ce kwastomarki ta farko." Daɗi ya kama ni, washegari na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo firiza da robobi da aya da dabino. Ranar 14 ga Fabrairu malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki, ba su dawo ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas Samaru kamar an yi shara. Na daɗe ina ce wa mutane yajin aiki ne ya karya ni, amma tsakanina da Allah ba shi ba ne. A sati ukun da na yi kafin a rufe makaranta, cikin masu cewa "ni ce ta farko" mutum uku ne suka saya, ɗaya ma bashi ta karɓa. Kunun aya kuma ba ya jiran kowa, idan aka ɗauke wuta da dare, da safe ya yi tsami. Da hannuna na riƙa tuttular da shi a kwata. Laifina ne: na tambayi 'yan'uwana ko suna sona, suka ce e, ni kuma na ɗauka ciniki ne.

To, kayan aikin. Na farko da kowa zai ce miki shi ne Google Trends. Kyauta ne, ki buɗe ki rubuta kalma, ki zaɓi Nijeriya, ki zaɓi shekara biyar da suka wuce. Sai dai ki fahimci abin da yake nuna miki. Lambobin nan daga 0 zuwa 100 ba yawan mutane ba ne. 100 na nufin lokacin da aka fi neman kalmar, sauran kuma ana gwada su ne da shi. Sannan idan kin zaɓi Jihar Kaduna, ya haɗe miki Zariya da garin Kaduna da Kafanchan a tukunya ɗaya. Kalmomin Hausa da yawa ma zai ce miki bayanai ba su isa ba. Kar wannan ya karya miki gwiwa, ɗalibin da yunwa ta kama a harabar jami'a ta Kongo da azahar ba Google yake tambaya ina ake sayar da fura ba, abokinsa yake tambaya. Amfanin da na samu a wurinsa guda ne: yanayi. Ki duba watannin da layin ke hawa da waɗanda yake sauka, ki gwada da abin da kika sani na garin nan. Zafin Maris zuwa Mayu daban, hunturun Disamba da Janairu daban, kuma azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka lissafin bara ba lallai ya zauna daram a kan na bana ba.

Wanda ya fi shi amfani a wurina shi ne akwatin bincike na Facebook. Ki rubuta "fura Zaria", "yoghurt Samaru", ki sauya rubutun iri-iri tunda kowa da yadda yake rubutawa. Kar ki tsaya kallon hoton, ki gangara wurin sharhi. Ki tsallake masu addu'a, ki ƙirga masu cewa "nawa ne?", "kuna kawowa Palladan?", "akwai marar sukari?" Waɗannan su ne masu taya kaya. Ki kuma lura da ƙorafi: ta yi ruwa, ta iso da ɗumi, an ce ƙarfe ɗaya aka kawo ƙarfe uku. Duk ƙorafin da ya maimaitu, ƙofa ce aka bar miki a buɗe. Akwai kuma Meta Ad Library, shi ma kyauta, inda ake ganin tallace-tallacen da ke gudana a Facebook da Instagram har da ranar da aka fara kowanne. Idan kika ga ƙaramar 'yar kasuwa ta shafe watanni tana biyan talla ɗaya, da wuya a ce asara take yi. Google Maps kuma ki leƙa ki ga shagunan da ke kusa da ke da abin da mutane suka rubuta a kansu, duk da cewa yawancin masu sana'ar gida ba sa ciki.

Idan kin ga masu yi da yawa kar ki ce kasuwa ta cika. Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne in duba in ga babu kowa, don a gari mai tsohuwar kasuwa irin Zariya da wuya a ce ke ce kika fara tunanin.

Sai tambayar mutane. Za ki iya haɗa fom a Google Forms, ko ki yi ƙuri'ar jin ra'ayi a guruf na WhatsApp. Amma don Allah kar ki rubuta "za ki saya?" Bahaushe ba ya iya ce wa mai neman halal a'a a fuska, kunya ba za ta bar shi ba. Ki tambayi abin da ya riga ya faru: yaushe rabonki da sayen fura? A wurin wa? Nawa kika biya? Me ya hana ki komawa? Wadda ta ce rabonta da fura tun sallar bara, ko ta rantse za ta saya, ki cire ta daga lissafi. Kuma ki ba wata ɗaliba ta tura fom ɗin a guruf ɗin ajinsu ko na ɗakunan kwanansu, inda ba wanda ya san ki. Sitatus ɗinki waɗanda kuka ajiye lambar juna ne kawai ke gani, wato dangi da ƙawayen biki.

Duk wannan aikin kwana biyu ne. Na gaba shi ne mai wuya, kuma ba ya cin data. Zuwa da kai ya fi saƙo. Lokacin da na tashi sake gwadawa, wannan karon da yajin daddawa da garin kunu, sai na roƙi wata mai shagon kayan masarufi a bakin kasuwar Samaru ta bar ni in zauna a bencinta. Na riƙe ƙaramin littafi irin na 'yan firamare, duk wanda ya sayi abu irin nawa sai in ja sanda ɗaya, in rubuta lokaci. Kwana uku na yi, har da Asabar. A nan na gane cewa ɗalibai ƙulli mafi ƙanƙanta suke ɗauka, matan ma'aikata kuma su ne ke sayen babba, kuma sai ƙarshen wata. Ke ma ki je inda matan Fulani ke ajiye ƙoransu, ki sayi ta ɗari biyu ko uku, ki zauna ki sha a hankali kina ƙirga. Ki lura da ƙarfe nawa ƙwarya ke ƙarewa. Sannan ki biya wurin masu sayar da robobi a Sabon Gari ki ja su da hira. Su suka san wace roba ce ta fi tafiya da watan da masu lemo da yogot ke rage saye. Ba za su gaya miki sunan kwastominsu ba, kar ma ki tambaya, amma sauran za su faɗa idan kin iya gaisuwa.

Bayan nan sai gwajin gaskiya. Ki dama kaɗan, wadda ko ba a saya ba gidanku zai shanye. Ki ɗauki hoto mai kyau da hasken rana, ki rubuta farashi ƙarara, ki ce ranar Laraba za a kawo, roba ashirin ce kacal, mai so ya turo kuɗi kafin daren Talata. Kar ki yi rahusa don ana gwaji, ki sa farashin da kika lissafa da gero da yogot da sukari da roba da ƙanƙara da kuɗin keke da ladan wahalarki. Firizar maƙwabciya ko kula da ƙanƙara ta ishe ki a wannan matakin. Ki ƙirga alat, ba "Allah ya sa albarka" ba. Ki maimaita sati huɗu, ɗaya ya faɗo tsakiyar wata lokacin da aljihu ya bushe. Lambar da za ki fi sa wa ido ita ce ta waɗanda suka dawo karo na biyu da na uku ba tare da kin bi su da kira ba. Sayen farko wani lokaci kara ce aka yi miki.

Ki kuma tambayi kanki tun yanzu: idan aka yi hutu ko aka rufe makaranta, wa zai sha? Shi ya sa nake so rabin gwajin ki yi shi a wajen ɗalibai, ko ma'aikatan da ke asibitin koyarwa na Shika, ko ofisoshin wajen PZ, ko gidajen Hanwa. Idan kuma nan gaba kina so ki riƙa sakawa a manyan shaguna, akwai maganar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, amma ba ta yau ba ce.

Idan kin yi satin farko ki dawo nan da abin da littafinki ya nuna, mu duba tare. Ki sa ni a cikin ashirin ɗin, roba biyu, ɗaya marar sukari don ta maigida ce. Ki turo lambar asusu, kuma kar ki ce kin yafe mini.