Hukuncin Tafiya Neman Asalin Kakanni Da Ziyartar Kaburburansu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mahaifinmu ya rasu bara. Cikin kayansa muka tsinci takarda da ya rubuta sunayen kakanninsa har mutum 5, da sunan garin da kakansa ya taso. Babu wanda ya taɓa taka garin a cikinmu. Na yi niyyar in je in ga gidan da suka zauna, in nemi kaburburansu, in tambayi dattawa labarinsu, in rubuta wa 'ya'yanmu. Ƙanwata tana son ta bi ni. Sai wani abokina ya ce tafiyar haramun ce, domin ba a niƙar gari sai zuwa masallatai uku. Kuma mun ji cewa na ƙarshe a jerin sunayen bai musulunta ba. Mene ne hukuncin tafiyar, kuma me zan yi idan na tsaya a kan kabarinsu?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya haskaka makwancinsa.

Ka je, ɗan'uwa. Tafiyar halal ce, kuma idan ka gyara niyya za ta zama ibada. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce: "Ku koyi abin da za ku sadar da zumuncinku da shi daga nasabobinku." Ka lura da yadda hadisin ya ɗaure sanin asali da zumunci. Haka ma aya ta 13 a Suratul Hujurat: an sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna. Ilimin nasaba kuma ba abin raini ba ne a wurin magabata. Sayyidina Abubakar ya fi kowa sanin nasabobin Ƙuraishawa, shi ya sa da Hassanu ɗan Sabit zai mayar musu da martani da waƙa, Annabi (SAW) ya tura shi wurin Abubakar ya warware masa salsalarsu, don kada zambon ya taɓa dangin Annabi.

Hadisin da abokinka ya kawo ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim: ba a niƙar gari sai zuwa Masallacin Harami da Masallacin Annabi da Masallacin Ƙudus. Inda ya yi gaggawa shi ne wurin ɗora shi a kan tafiyarka. Babu malamin da ya fahimci cewa hadisin ya hana tafiyar fatauci ko neman ilimi ko gaida dangi. Saɓanin yana kan wanda ya tashi takanas domin wani kabari, ba shi da wata buƙata sai ita. Abu Muhammad Aljuwaini ya haramta wannan, Alƙali Iyad ya karkata can, Ibn Taimiyya (ya rasu 728 bayan Hijira) kuma ya ƙarfafa hanin ƙwarai. Algazali da Ibn Ƙudama da Nawawi (ya rasu 676) da Ibn Hajar (ya rasu 852) sun halatta, suna cewa hadisin yana magana ne a kan masallatai: babu masallacin da sallah a cikinsa take da fifikon da za a yi doguwar tafiya dominsa sai waɗannan uku. Kai tafiyarka ba ta ma shiga tsakiyar wannan saɓani ba, tunda za ka je neman dangi da labari ne. Shawarata ka ƙulla niyyar a kan haka. Idan ka sauka garin, ziyarar maƙabartarsa sunna ce ga duk wanda yake cikinsa, baƙo ko ɗan gari, ko a wurin waɗanda suka tsananta. Kuma za ka yi ƙasaru idan nisan ya kai, kamar kowane matafiyi.

Ziyarar kanta an hana ta a farkon Musulunci, daga baya aka buɗe: "Na kasance na hana ku ziyarar kaburbura, to ku ziyarce su," kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Buraida. Annabi (SAW) da kansa ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa Aminatu, wadda ta rasu a Abwa'u, tsakanin Makka da Madina, yana ɗan shekara 6. Ya yi kuka, ya sa na kusa da shi kuka. Saboda haka idan hawaye ya zubo maka a kan kabarin kakan da ba ka taɓa gani ba, babu laifi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi.

Idan ka shiga ka ce: "Assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimin, wa inna in sha Allahu bikum lahiƙun, nas'alullaha lana wa lakumul afiya." Sai ka roƙa musu gafara da rahama. Su ne mabuƙata, kai ne mai kawo musu, don haka kada ka roƙe su komai, kada ka shafa kabari, kada ka ɗebi ƙasarsa da sunan albarka, kada ka zauna a kansa ko ka yi sallah kana fuskantarsa. Ina nanata wannan ne domin son kakanni ƙofa ce da Shaiɗan ya daɗe da sanin ta. Ibn Abbas ya faɗa, a cikin Buhari, cewa Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru mutanen kirki ne daga mutanen Annabi Nuhu. Da suka mutu aka kafa musu alamu a wuraren zamansu domin tunawa kawai. Sai da wancan tsara ya shuɗe, ilimi ya gushe, aka wayi gari ana bauta musu.

Mai yiwuwa ka tarar kabarin ya ɓace, babu mai iya nuna maka shi. Sallama ga maƙabartar gaba ɗaya ta wadatar, addu'a ba ta ɓatan hanya. Idan an gane shi, za ka iya aza dutse domin alama, kamar yadda Annabi (SAW) ya aza a kan kabarin Usmanu ɗan Maz'un a Baƙi'a, ya ce da shi zai gane kabarin ɗan'uwansa. Gini a kai da shafe shi da farar ƙasa kuwa hadisin Jabir a cikin Muslim ya hana. Rubuta suna akwai magana: ruwayar Tirmizi ta haɗa da hanin rubutu, Malikiyya sun karhanta, Hanafiyya sun yi sauƙi idan ana tsoron ɓacewar kabarin. Ni na fi son ka tsaya a dutse, sunan ka rubuta shi a littafinka.

Ƙanwarka ta bi ka, kai muharraminta ne. Nana A'isha ta ziyarci kabarin ɗan'uwanta Abdurrahman, kuma ita ce ta tambayi Annabi (SAW) abin da za ta faɗa wa mazauna kaburbura, ya koya mata. Hadisin da ya la'anci mata masu ziyarar kaburbura kuwa, Ƙurɗubi ya ɗauke shi a kan masu yawaitawa. Akwai malaman da suka hana mata kwata-kwata, idan can zuciyarta ta fi natsuwa sai ta yi addu'arta daga masauki.

Batun kakan da aka ce bai musulunta ba: "mun ji" ba hujja ba ce. Idan ya tabbata ya mutu a kan wani addini, ziyararsa ta halatta domin wa'aztuwa, amma ba a nema masa gafara, saboda aya ta 113 a Suratut Tauba ta hana ko da makusanci ne. Kada kuma ka yanke masa wuta da bakinka, ba ka san ko kira ya iske shi ba, Allah yana cewa a aya ta 15 ta Suratul Isra'i ba ya azaba sai ya aiko manzo. Idan abin ya shige duhu, ka ce: Allah ka gafarta wa musulmin cikin kakannina. Sunansa kuma ka bar shi a jerin yadda yake.

Gidan da suka zauna, in ya koma hannun wasu, nasu ne. Ka yi sallama ka nemi izini har sau uku, in aka ce ka koma ka koma, kamar yadda hadisi da ayoyi na 27 da 28 na Suratun Nur suka koyar. Kada ka ɗauki hoton cikin gidan mutane sai sun yarda. Usama ɗan Zaidu ya tambayi Annabi (SAW) ko a gidansa zai sauka a Makka, sai ya ce: "Shin Aƙilu ya bar mana wani gida?" Aƙilu ɗan Abu Ɗalib ya riga ya sayar da gidajen, Annabi kuma bai tayar da maganar ƙwato su ba. In kana ganin akwai haƙƙin gado da aka danne, wannan shari'a ce daban, tana da shaidunta da alƙalinta, kada a cakuɗa ta da ziyara.

Abin da na fi ji maka tsoro ba ya maƙabarta, yana cikin abin da za ka dawo da shi. Wasu masu tafsiri sun kawo a ƙarƙashin Suratut Takasur cewa ƙabilu biyu ne suka yi ta alfahari da yawan manyansu, da suka gama ƙirga rayayyu sai suka nufi maƙabarta suna nuna kaburbura: kuna da kamar wane? Mafi yawan malamai sun fassara ayar surar da ta ce "har kuka ziyarci kaburbura" da mutuwa, amma wancan labarin ya dace da masu binciken asali sosai. Mutum ya tafi neman kakansa, ya dawo yana raina maƙwabcinsa. Muslim ya ruwaito cewa alfahari da asali da sukar nasabar wasu suna cikin al'adun Jahiliyya huɗu da suka rage a al'umma, kuma wanda aikinsa ya jinkirta shi nasabarsa ba za ta gaggauta da shi ba. Mafi muni shi ne ƙari. Za ka iske giɓi a jerin sunaye, wani ya ce maka ai ku jikokin sarki wane ne, ko ku Sharifai ne. Wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane, Aljanna ta haramta gare shi, haka yake a Buhari da Muslim. Abin da ya tabbata ka rubuta shi a matsayin tabbas, abin da aka ba ka labari ka rubuta "an ce", giɓi kuma ka bar shi giɓi.

Dattawa na iya ba ka labarin da ba shi da daɗi game da wani kaka ko wata kaka. Ka binne shi a cikinka, an hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Idan wani ya ba ka shawarar gwajin ƙwayoyin halitta domin tantance wane ɗan wane, ka sani Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya), a zamanta na 16 a Makka a shekarar 1422 (2002), ta yanke cewa bai halatta a yi amfani da shi wajen binciken nasabar da ta riga ta tabbata a shari'a ba. Ɗa na mai shimfiɗa ne, wato na mijin da aka haife shi a cikin aurensa.

Ka tanadi mafi yawan kwanakinka domin rayayyu. Ibn Umar ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ɗora shi a kan jakinsa, ya cire rawaninsa ya ba shi. Da aka ce masa ai kaɗan ma ya ishi irin waɗannan, sai ya ce mahaifin mutumin abokin Umar ne, kuma ya ji Annabi (SAW) yana cewa mafi girman biyayya ita ce ɗa ya sadar da masoyan mahaifinsa. Ka nemi jikokin 'yan'uwan kakanka, ka riƙa musu abin da ya sawwaƙa, ka karɓi lambobin wayarsu. Ka fara da tsofaffin cikinsu tun ranar da ka sauka, su ne masu labarin, kuma ba za su jira ka ba.

Wallahu a'alam.