Kiran gyara ne ke cinye ribar mai haɗa na'urorin gida a Jidda

Wani ɗan'uwa mai aikin wayarin a Jidda ya aiko da tambaya. Yana sa wa mutane makunnan wuta, kyamarori da makullan ƙofa irin waɗanda ake sarrafa su da waya. Ranar haɗawa yana samun riba, amma bayan wata biyu sai kira ya yi ta shigowa cewa abu ya daina aiki, shi kuma yana zuwa kyauta don kunya. Ya ƙara kuɗin haɗawa ne, ko ya bar harkar?

Malam, kada ka bar ta. Abin da kake bayarwa kyauta shi ne siyana, wato kula da na'urori da gyaransu bayan an haɗa, kuma haja ce mai farashinta. Sai dai kafin ka sa mata kuɗi, rage yawan kiran tukuna, don yawancinsa daga wurare kaɗan yake fitowa.

Babba a ciki shi ne rawuta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida. Akasarin ƙananan na'urorin nan zangon 2.4 GHz kawai suke kamawa, ba sa ganin 5 GHz. Idan rawuta ta haɗe zangon biyu a suna ɗaya, wasu sai su ƙi shiga tun farko. Raba su, ka ajiye 2.4 a tasha ta 1, 6 ko 11. Sannan mai gida yakan canza kamfanin intanet ko kalmar sirri bai faɗa maka ba, gida ya mutu gaba ɗaya. Wannan ba sai ka taka ba: a sa wa sabuwar rawuta tsohon suna da tsohuwar kalmar sirri harafi da harafi, na'urorin za su koma da kansu. Gidan da na'urori suka yi yawa, ka kai makunnai da na'urorin jin motsi kan Zigbee, wani tsarin sadarwa da ba Wi-Fi ba, mai cibiyarsa daban, ka nisanta cibiyar da rawuta kamar mita ɗaya, don zango ɗaya suke rabawa.

Sai wuta. Akwatunan makunni da yawa babu wayar nutural a ciki. Makunnin da ba ya buƙatarta yana barin ɗan ƙaramin lantarki ya ratsa ƙwai, shi ya sa ƙwan LED ke ƙyaftawa bayan an kashe. Kafasitar da ke zuwa cikin kwalin a jikin ƙwan ake ɗaura ta, ba a bayan makunni ba. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, kuma har yanzu akwai tsofaffin gine-gine masu layin bolt 127, saboda haka auna da mita kafin ka haɗa komai, ka kuma duba rubutun jikin injin labule. Mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na taga kada ka rataya shi a ƙaramin soket mai wayo ko da an rubuta amfiya 16. Fizgar da kwamfiresa ke yi lokacin tashi tana ƙona bakin relay, ɗan makunnin da ke cikin soket ɗin, a hankali. Sa kwantakta, wato makunni mai ɗaukar wuta mai nauyi, makunni mai wayon ya riƙa ba ta umarni kawai.

Zafi da gumin teku na Jidda suna cin batir da bakin wayoyin lantarki. Makullin ƙofar da rana ke duka a sa masa batir alkalin masu kyau, a nuna wa iyalin gida inda ake ba shi wutar gaggawa daga waje. Kyamarar waje ta zama mai IP66, wato mai jure ƙura da ruwa, da katin ajiya irin wanda aka yi don ɗaukar hoto dare da rana.

Yanzu lissafi. Rubuta abin da fita ɗaya ke ci maka: mai, sa'o'in hanya, da aikin da ka bari. A ce riyal 100 ne. Yarjejeniyar shekara mai ziyara biyu, ɗaya a Afrilu kafin zafi ɗaya a Oktoba, da kiran gaggawa biyu, ta ci maka 400 ke nan kafin riba, kada ka sayar da ita ƙasa da haka. Garantin aikin hannunka wata uku ya isa, a rubuce cikin fatura, wato takardar kuɗin aiki, tare da cewa batir, canjin rawuta da lalacewa daga wuta suna kan mai gida. Idan cinikinka na shekara ya haura riyal 375,000, rajistar harajin VAT na kashi 15 a ZATCA, hukumar harajin Saudiyya, ta zama dole. Kuma a tabbata sana'ar da ke kan iƙama da rajistar kasuwancin sun dace da aikin, domin tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a fake da sunan wani, laifi ne mai ɗauri da tara.

Abu ɗaya da ba na so ka yi sakaci da shi: asusun manhaja ka buɗe shi da lambar mai gida, ba taka ba. Kyamara tana kallon tsakar gida da iyalin mutane. Ya ƙara ka a matsayin baƙo ranar siyana, ya cire ka a gabanka kafin ka fita, kuma a rubuta wannan sharaɗi cikin yarjejeniyar.