Ɓari sau uku a jere, likita ya ce ayi gwajin ƙwayoyin gado, ya halatta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, dan Allah cikina uku suna zubewa duk kafin su kai wata uku, likita yace ni da maigidana muje a ɗebi jininmu a duba ƙwayoyin halitta na gado, shi kuma maigidan yace wannan bincike ne cikin ƙaddara kuma ai matsalar daga ni ce. Menene hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya baki haƙuri ya musanya miki da masu albarka. Gwajin nan halal ne, neman magani ne, kuma Annabi (SAW) yace ku nemi magani ya bayin Allah, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani. Sanin sababi baya karo da tawakkali.

Ita kanta maganar gado shari'a ta santa tun tuni. A Bukhari da Muslim wani mutum yazo yana tuhumar matarsa don ta haifi yaro baƙi, sai Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa yace jajaye, yace akwai mai launin toka a ciki? yace akwai, to daga ina ya samo? yace wataƙila jijiyar gado ce ta fizgo shi, Annabi yace to ɗanka ma wataƙila hakan ne.

Toh maganar da maigida yayi cewa daga ke ne, wannan kam ba shi da hujja. Kowane ɗan adam yana da kuromosom, wato ƴan zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin halitta, guda 46, 23 daga uwa 23 daga uba, kuma kusan rabin ɓarin da ake yi a watannin farko saboda lissafin nan ne bai zauna daidai ba a jikin ɗan tayin, yawanci haka nan yake faruwa ba laifin kowa. A wasu ma'aurata ƴan kaɗan kuma ɗayansu ne wani yanki na kuromosom ɗinsa ya sauya wuri da wani, shi lafiyarsa ƙalau ba abinda yake ji amma cikin yakan zube, kuma wannan zai iya zama mijin ne kamar yadda zai iya zama matar, kinga kenan dole jinin mutum biyu za'a duba. Ƙin zuwansa alhali yana ɗora miki laifi zalunci ne, a gaya masa da lalama. Sannan ba duka ne gado ba, akwai matsalar daskarewar jini da ta mahaifa da ciwon suga, waɗannan ana maganinsu, kuma da yawan masu irin halinki daga baya suna haihuwa lafiya.

In gwaji ya nuna gado ne har likitoci suka bada shawarar a haɗa ƙwai da maniyyi a wajen mahaifa a tantance mai lafiya kafin a dasa, asalin haɗawar dai, Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta halatta shi a zamanta na Amman a 1986, da sharaɗin maniyyin mijin ne, ƙwan matar ne, mahaifarta ce. Tantancewa don guje wa cuta ma abinda na rinjayar shine halacci tunda ba'a kai ga dasawa ba. Ƙwan wata ko maniyyin wani haramun ne ko likita ya nace.

Sakamakon kuma amana ne tsakaninku, kar a kai wa dangi ya zama abin gori. Wallahu a'alam.