Ni da maƙwabcina kowa ya ɗaura lasifika, in daina?

Tambaya: Ina sayar da takin zamani da maganin feshi a kasuwar Maigatari. Maƙwabcin rumfata ya ɗauko mai shela da lasifika duk ranar Alhamis, ni ma na ɗauko. Ciniki bai ƙaru ba, kuɗi kawai ke fita. In daina?

Amsa: Alhaji, kada ka daina kai kaɗai. Mu ƙaddara manoma 100 ke zuwa layinku, kowa na samun 50. In kai kaɗai ka yi shela, sai ka janye 70. In shi kaɗai ya yi, ka koma 30. In kun yi tare kuna nan a 50 ɗinku, amma kowa ya biya mai shela da man janareta. Ka ga ko me ya yi, shela ta fi maka, shi ma haka, sai ga ku duka kuna asara ba wanda ya yi wauta.

Masana lissafin dabarun gasa sun san wannan tarko tun 1950, lokacin da Merrill Flood da Melvin Dresher suka tsara shi a Amurka. Matsayar da kuka maƙale a ciki kuwa da sunan John Nash ake kiranta, wanda ya samu kyautar Nobel a 1994. Kamfanonin sigari na Amurka sun daɗe a ciki, har gwamnati ta hana tallansu a rediyo da talabijin daga Janairun 1971, ta sauke musu nauyin da ba wanda ya isa ya sauke shi kaɗai.

Ku kuna da abin da ya fi doka sauƙi: kowane mako kuna haɗuwa, wanda ya karya alkawari yau za a rama masa mako mai zuwa. Ku zauna gaban sarkin kasuwa ku yarda a ajiye lasifika. Amma don Allah kada zaman ya kai ga haɗa baki kan farashi, wannan zaluntar manomi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne shelarku ba ta kawo sabon mutum, manomi ɗaya kuke ja tsakaninku. Kuɗin nan ka kai shi ƙauye kafin damina ta kankama. Ka tara manoma a gona, ka auna magani a gabansu cikin tankin feshi mai lita 16, su ga abin da ya yi wa ciyawa bayan mako guda. Wanda bai taɓa saye ba shi za ka samu, kuma rumfarka zai nema ranar Alhamis.