Tambaya da Amsa: Mutum-mutumin hafsanmu ya yi kore

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu tsofaffin sojoji ne a Accra. Mun haɗa kuɗi aka zuba mutum-mutumin tagulla na wani hafsanmu da ya shekara 35 cikin kaki. Shekara huɗu ke nan, ga shi ya yi kore, wani jan ruwa kuma yana gangarowa daga ƙafa. Mu shafa masa fenti? Daga wani mai karatu a Nima.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Don Allah kada a kai fenti kusa da shi. Fenti yakan rufe danshi a ciki, ɓarna ta ci gaba ba a gani.

Koren iri biyu ne. Mai duhu, mai santsi, wanda ba ya kama yatsa, riga ce da tagulla ke yi wa kanta, a bar shi. Abin tsoro shi ne kore mai haske kamar gari, wanda in an goge sai ya dawo. Gishirin iskar teku ne ke cin jan ƙarfen da ke cikin tagullar, shi ya sa abin ya fi tsanani a Osu da Jamestown fiye da Kumasi. Wannan sai ƙwararre.

Wanki kuwa ba wuya: ruwa mai tsabta, sabulun ruwa marar ƙarfi cokali ɗaya a bokiti, da buroshi mai laushi. A fara daga kai zuwa ƙafa, a ɗauraye sosai. Ban da buroshin waya, samfefa, bilic ko lemun tsami. In ya bushe sarai, rana ta ɗumama shi, a shafa kakin goge tagulla siriri, a bari ya kama, a murza da tsumman auduga. Sau biyu a shekara: a Maris bayan ƙurar hunturu, kafin ruwa ya sauka, sai kuma a Nuwamba.

Jan ruwan nan ya fi damunmu. Cikin mutum-mutumi rami ne, sandunan baƙin ƙarfe ke tallafe shi. In ramukan fitar ruwa na ƙarƙashin takalmi sun toshe, ko magini ya liƙe su da siminti, ruwa zai kwanta, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura har ya tsaga idon sawu. A buɗe ramukan tun yau. In akwai tsaga, a nemi maƙerin da ya zuba shi ya sauya sandunan da ƙarfen da ba ya tsatsa.