Amsa kan Asalin Kafanchan

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Kafanchan ta tara ƙabilu masu yawa haka. Amsar tana kan layin dogo. Kafin zuwan jirgin ƙasa, ƙaramin ƙauye ne na mutanen Fantswam a kudancin Jihar Kaduna ta yau, kusa da tsaunukan Kagoro. Wajen 1927 ne layin da ya taso daga Fatakwal ya ratsa ta nan zuwa Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos domin kwasar kuza, sai wurin ya zama mahaɗa. Ma'aikatan reluwe, Ibo da Yarbawa da Hausawa, suka kafa unguwanni kewayen tasha, har fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin. Abin takaici ne ganin yadda tashar ta yi sanyi yanzu.