Ɗana ya sake faɗawa hannu alhali yana ƙarƙashin sa ido

Tambaya: Barista, an kama ɗana mai shekara 15 da satar waya. Ba a kai shi kotu ba, sai aka ba mu takarda muka sa hannu cewa zai yi wata 6 ƙarƙashin kulawar jami'in sa ido, ya mayar da wayar, kuma kada ya yi fashin makaranta. Saura wata 2 ya gama, aka sake kama shi a wani faɗa da aka ji wa wani yaro ciwo. Shi ke nan za a kulle shi?

Amsa: Malama, Allah ya sanyaya miki zuciya. Sake kamun ba ya nufin lallai a kulle shi.

Takardar da kuka sa wa hannu yarjejeniya ce, ba hukuncin alƙali ba. Tushen irin wannan tsari yana cikin sashe na 40 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wanda ya buƙaci a nemi hanyar warware laifin yaro ba tare da shari'a ba idan hakan ya dace. Sashe na 37 kuma ya ce ba a tsare yaro sai an rasa wata mafita, kuma na ɗan lokaci kaɗan. Kowace ƙasa da yadda ta tsara dokarta, amma akasari jami'in ko mai gabatar da ƙara yana iya barin yarjejeniyar ta ci gaba da ƙarin sharuɗɗa, ko ya tsawaita ta, ko ya soke ta ya miƙa tsohuwar magana da sabuwa gaban kotun yara. Tun da an ji wa wani rauni, ki shirya wa na ƙarshen.

Abin da ya fi damuna shi ne bakin yaron. Batun faɗan har yanzu zargi ne, ba a tabbatar ba. Kada ya ba da bayani ko ya sa hannu a komai sai lauya na nan, ke ma kina nan. Yaro idan ya tsorata, yakan amsa abin da bai yi ba don kawai a bar shi ya tafi gida. Amsa laifin da ya yi a batun waya kuwa, kwamitin haƙƙin yara na Majalisar ya bayyana a 2019 cewa bai kamata a yi amfani da irin wannan amsawa a kan yaro a wata shari'a ta gaba ba. Lauyanku ya duba ko an rubuta wannan kariya a takardarku.

Kada ki jira a kira ki. Ki tattara shaidar mayar da waya, da rajistar makaranta, da ranakun da ya je wurin jami'in, ku kai tun kafin a yanke shawara. Wata 4 na cika alkawari hujja ce mai nauyi. Akwai ma hujjar bincike: wani nazari na 2010 da ya haɗa gwaje-gwaje 29 ya nuna cewa gurfanar da yara gaban kotu bai rage komawarsu ga laifi ba, har ma yakan ɗan ƙara ta idan aka kwatanta da waɗanda aka kauce da su daga shari'a.

Sai dai jami'in zai tambaye ki abin da zai canza, kuma yana da gaskiya. Da wa yaron yake yawo? Ina yake tsakanin tashi daga makaranta da dare? Akwai shaye-shaye? A ganina, sa idon da bai wuce zuwa ofis a sa hannu ba, ba ya taɓa waɗannan. Ki je da tsari a rubuce: wane babba ne zai kula da shi a waɗannan sa'o'i, da inda zai samu mai ba shi shawara ko magani.

Iyayen yaron da aka ji wa ciwo sun cancanci ban haƙuri da biyan kuɗin magani idan laifin ya tabbata, amma ta hannun lauya ko jami'in za ki bi, don kada a ɗauka kina neman toshe bakin shaida.